Kalmar Turanci A Bakin Yaron Kabi

Mu da aka aika gwajin koyarwa a makarantun Birnin Kebbi da na Argungu mun komo lafiya, kowa da guzurin labarin da ya ƙunso. Da muka zauna muka baje abin da muka gano, sai muka tarar ashe abu guda ne ya fi ci wa kowannenmu tuwo a ƙwarya, watau yadda a ke koya wa yara kalmomin Turanci, da lafazinsu da ma'anarsu. Don haka muka ce bari mu roƙi Edita ya sam mana fili mu faɗi ra'ayinmu a gaban 'yan'uwa da malamai. Mun sani abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Inda muka kauce, malamanmu su komo da mu hanya. Amma abin da za mu faɗa, da idonmu muka gan shi, da kunnenmu muka ji shi.

Ga yadda a ke yi a yawancin azuzuwan da muka shiga. Malam ya zo da safe ya jera kalmomi goma a jikin allo, a gaban kowace ya rubuta ma'anarta guda ɗaya. Ya karanta, yara su amsa da ƙarfi har maƙwabta su ji. Ya sake, su sake. Sa'an nan a ce kowa ya kwafe a littafinsa. Ran Jumma'a a yi jarrabawa, wanda ya kawo goma daidai a tafa masa. Mu ma haka aka yi mana. Ba mu kuwa zo don mu zargi kowa ba, gama malamin da ke fama da yara cike da ɗaki, ba littafi ba ƙamus, in ya sami hanyar da za ta sa su duka su buɗe baki lokaci guda, tilas ya riƙe ta. Amma fa a dubi abin da ta ke haifarwa.

Ran nan a wata makaranta ta Argungu ɗayanmu ya ba 'yan aji biyar wani ɗan labari su karanta, a ciki an ce masunci ya zauna a "bank" yana gyaran komarsa. Ya tambayi wani yaro mai ƙoƙari, wanda bai taɓa faɗuwa jarrabawar Jumma'a ba, ya ce, "Ina masuncin nan ya zauna?" Yaro ya miƙe ya ce, "Malam, ya tahi wurin aje kuɗɗi." Yaron nan kuwa ɗan masunta ne, tun yana rarrafe ya ke wasa a gaɓar gulbi, watau bisa "bank" ɗin nan da a ke magana. Abin ya san shi, kalmar ma ya san ta, amma ba wanda ya taɓa gama masa su wuri guda, domin a allo ma'ana guda aka ba shi, aka kuwa tafa masa da ya riƙe ta.

Ai ko a Hausarmu kalma ba ta tsayawa bisa ƙafa guda. Da wani baƙo zai zo koyon Hausa, mu ce masa "ci" ma'anarta sa abinci a baki, mu sallame shi, me zai yi ran da ya ji an ce Kanta ya ci gari, ko kasuwa ta ci, ko alƙali ya ci wane tara, ko yarinya ta ci ado, ko wane ya ci amana? Haka "sha": mutum ya sha ruwa, ya sha iska, ya sha wuya, ya sha kashi. Turanci ma haka ya ke, har ya fi. Kalmominsa gajeru da yaro ke raina wa, irin su "get", "take", "run" da "set", su ne masu ma'ana barkatai. Dogayen da ke ba shi tsoro sau da yawa ma'anarsu guda ce. "Fine" kyau ce, tara ce kuma. "Current" gudun ruwan gulbi ne, wutar lantarki ce, abin da a ke ciki yanzu ne. Ba abin da ke nuna wa mai karatu wadda a ke nufi sai maƙwabtan kalmar a cikin jimla. Sabo da haka ra'ayinmu na fari shi ne, kada a sake ba yaro kalma tsirara. A ba shi ita da tufafinta, watau cikin jimla, jimlar kuwa ta abin da ya sani ce: gulbi, kwalekwale, gona, kasuwa.

Kada wani ya ce ai wannan abin dariya ne na cikin aji, ba ya cutar kowa. Ƙasar nan ta fadama ce, shinkafa ce arzikinta. A watan Nuwamba na 2015 a Birnin Kebbi aka buɗe shirin nan na Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance, manoma da yawa suka shiga. To, takardar rance da Turanci a ke rubuta ta, haka kuma bayanin da ke jikin kwalbar maganin feshi da buhun taki. Manomin da bai yi boko ba, wa zai miƙa wa takarda in ba ɗansa da ya sa makaranta ba? Yaron kuwa an koya masa "interest" sha'awa ce, "principal" shugaban makaranta ne, "security" mai gadi ne. A takardar rance kuwa ta fari kuɗin ruwa ce, ta biyu uwar kuɗi, ta uku jingina. Yaro ya karanta sarai bai tsallake ko harafi ba, uba ya dangwala yatsa bisa abin da su duka biyu ba su fahimta ba. In rigima ta tashi bayan girbi, ba wanda zai tuna da malamin aji biyar, alhali kuwa daga allonsa ta faro.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika faɗakar da yara a kansa ba, shi ne kalmomin da Hausa ta ara daga Turanci tun zuwan Turawa. Waɗansu sun zauna da ma'anarsu ta asali, kamar tebur da bokiti da direba da fensir. Waɗansu kuwa da suka shigo sai suka sake hali. "Canteen" a wurin Turawa ɗakin cin abinci ne na ma'aikata ko na soja, amma kanti a wurinmu inda a ke sayar da haja ne. "Barracks" mazaunin soja ne kurum. Mu kuwa bariki ta zama unguwar Turawa, daga nan ta zama zaman birni da wayonsa, har in an ce wane ɗan bariki ne ba yabo a ke nufi ba. Yaro ya ga kalma ta yi kama da wadda ya sani a gida, sai ya saki jiki. Wani lokaci ma kamar ce kaɗai, ba dangantaka. Shekaru da yawa ana cewa boko daga "book" ta fito, sai a 2013 Paul Newman, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa, ya nuna kalmar Hausa ce tun asali mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda a ke cewa amaryar boko. In manyan masana sun faɗa ramin nan, yaya yaro?

Mu juya ga lafazi, gama a nan gizo ke saƙa. Yaron da ya fara da karatun Hausa ya saba kowane harafi da muryarsa, abin da ya gani shi zai faɗa. Dalili kuwa rubutun boko yaro ne. Hans Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idodinsa a 1912, a shekarun 1930 aka ƙara haruffa masu ƙugiya, bakin mutane bai riga ya guje wa rubutun ba. Turanci ba haka ya ke ba. Haruffansa 26 ne, amma muryoyin da Baturen Ingila ke fitarwa sun kai 44, na wasula kaɗai wajen 20. Rubutunsa kuwa tsoho ne. A 1066 Normandawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila, suka zuba kalmominsu da irin rubutunsu. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster, rubutu ya fara daskarewa, alhali kuwa bakin mutane yana ta sauyawa. A da can da gaske su ke faɗin "k" ɗin da ke farkon "knife" da "knee". Baki ya bari, alƙalami bai bari ba. "B" ɗin da ke cikin "debt" kuwa ba a taɓa faɗinsa ba, masana ne suka cusa shi don a riƙa tuna asalin kalmar a Latin. Shi ya sa "though" da "through" da "tough" da "cough" suka yi tarayya a haruffa huɗu na ƙarshe, amma ba biyu a cikinsu da a ke faɗa iri ɗaya. Wanda ya ba yaro wannan labari ya sauke masa kaya, gama zai gane ba wautarsa ba ce, kuma zai daina amince wa idonsa shi kaɗai.

Ga abin da ya fi tsaya mana a rai. Abin da a kan gaya mana game da wahalar Bahaushe da Turanci shi ne ba ya rarrabe "p" da "f". Gaskiya ne, gama Hausa harafi guda gare ta a wurin nan, da leɓɓa biyu a ke yinsa, shi ya sa "pump" ya zama famfo, "petrol" fetur, "passenger" fasinja. Amma wannan bayanin bakin Kano ne da Zariya. Da yawa daga cikinmu 'yan ƙasar Kabi ne, mun san bakin gidanmu. A nan da Sakkwato, inda Bakano ya ce fara a kan ce hwara, inda ya ce kifi a ce kihi, tafi tahi, lafiya lahiya. Wurin da a ke yin su ɗin nan ma, Matan Fada a rubuce, Matan Hwada a baki. Sabo da haka yaron da ya taso a ƙauyukan Argungu, in ya gamu da "f" ta Turanci, ba "p" kaɗai ce abokiyar rikicinta ba, har da "h". Mun ji "fill" ta koma "hill", "feel" ta koma "heel", "fit" ta koma "hit". Malamin da ya zo da darasin "pan" da "fan" kaɗai, ya kawo rabin magani.

Wannan ba aibi ba ne ga bakin Kabawa, kada a ji mu a karkace. G. P. Bargery, da ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa a 1934, bai zubar da kalmomin yamma ba, ya tara su ya sa musu alamar ƙasarsu. A shekarar nan ce kuwa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama a Argungu, aka shirya masa su, bikin da ya ɗore har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Duk shekarar da aka yi shi baƙi su kan zo daga nesa, samarinmu ne ke yi musu tafinta. Saurayin da ke nuna wa baƙo giwan ruwa, ya kamata kalmar "fish" ta fita daga bakinsa yadda baƙon zai gane, sa'an nan ya juya ga ubansa ya ce kihi, ba tare da jin kunyar ko ɗaya ba.

Gyaran kuwa ba shi da tsada. A nuna wa yaro haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, iska ta kurɗa, "f" ke nan. A rufe leɓɓa a sake su da ƙarfi, har 'yar takardar da aka riƙe a gaban baki ta motsa, "p" ke nan. A buɗe baki kurum a huro, "h" ke nan. In ya sami "f", a ce ya ɗora yatsa a maƙogwaro ya ƙara murya har ya ji rawa, ya sami "v", ya rabu da cewa "boat" inda ya ke nufin "vote". Wani abin da muka lura kuma, kusan kowane aji akwai 'ya'yan Fulani, su kuwa a harshensu haruffan nan biyu daban su ke: mutum guda Pullo, jama'a Fulɓe. Ɗayanmu ya tsai da wata 'yar Fulani mai kunya ta faɗi kalmomin nan biyu a gaban aji, sauran suka yi ta kallon bakinta. Abin da ya gagara da alli mako guda, ya samu kafin a tashi tara.

Sai "th". Bahaushe kan mai da ita "s" ko "z", ya ce "sink" maimakon "think", "mouse" maimakon "mouth". Wannan hali ba da Turanci ya fara ba, tsohon hali ne. Larabci yana da haruffan nan biyu: mai ɗigo uku a sama da ke bin "ta", da ɗan'uwan "dal" mai ɗigo guda. Da kakanninmu suka ari kalmomin da ke da su, haka suka yi musu, shi ya sa mu ke cewa Usman da misali da hadisi, mu ke cewa izini da zikiri. To, amma yaron da ya yi tajwidi a Islamiyya an riga an koya masa ya sa kan harshe a gefen haƙoran sama don ya fid da haruffan nan daga mafitarsu. Murya ɗaya ce da ta "think" da ta "then", ba bambanci. Yara da yawa suna da ita a baki da la'asar, su zo ajin Turanci da safe su rasa ta, don ba wanda ya gaya musu ita ce dai. Mu kan mance ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga koyon harshen wasu da kyau. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, Fulatanci ya sha a nono, amma ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawun Larabci da Hisnur Rasin a kan sarfu. Mutanen da suka gaji tsayawa bisa mafitar kowane harafi ba za a ce lafazi ya fi ƙarfinsu ba.

Wasula sun fi baƙaƙe wuya, amma a nan ma Hausa ta ba mu jari. Muna da wasula biyar, kowane da dogo da gajere, ko da ya ke rubutu ba ya nunawa. Kowane yaro ya san bambancin garin da a ke zama da garin da a ke tuƙawa, da dafa abinci da dafa kafaɗa, da gaɓar gulbi da gaɓar jiki. In an fara da waɗannan, sa'an nan aka kawo "ship" da "sheep", "live" da "leave", "full" da "fool", kunnensa ya riga ya buɗe. Inda jarinmu ya ƙare shi ne wajen "hat" da "heart" da "hut" da "hurt", waɗanda yaranmu ke faɗi da murya guda su huɗu. Nan kam ba gajeriyar hanya, sai a yi ta saurare ana maimaitawa. Haka kuma inda a ke danna murya a cikin kalma. Mu da hawa da saukar murya mu ke rarrabe kukan yaro da itacen kuka, ko wuyan raƙumi da wuyar aiki. Bature kuwa da danna gaɓa guda ya ke yi. "Fifteen" a ƙarshe a kan danna ta in ta tsaya ita kaɗai, "fifty" a farko. Duk wanda ya taɓa cinikin buhunan shinkafa ta waya da mutumin Ikko ya san tsakanin 15 da 50 ba wasa ba ne.

Mun san akwai masu ja da mu, a cikin ɗakin kwananmu ma akwai su. Waɗansu suna cewa, ai Turancin Nijeriya ya zama namu, me ya kai mu murɗe baki kamar 'yan London? Suna da hujja. A Janairu 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin ƙasar nan, har da "Kannywood" da "next tomorrow", watau jibi. Mu ma ba mu ce a mai da ɗan Kabi Bature ba, kuma ba abin da ya fi ban dariya kamar mutumin da ke magana ta hanci don a ce ya waye. Iyakar da muka ja ita ce wannan: duk bambancin da in an bar shi kalma za ta koma wata kalma, tilas a koyar da shi, abin da ya wuce haka ado ne, wanda ya so ya yi. In yaro ya faɗi "water" da karin garinsu, kowa zai gane, a ƙyale shi. In ya ce "heel" yana nufin "feel", likita zai duba masa diddige.

Waɗansu kuma suna cewa a sauƙaƙa, a riƙa rubuta wa yara lafazin kowace kalma da haruffan Hausa a gefe. Mun gwada, mun ga amfaninsa kaɗan ne, ɓarnarsa da yawa. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe, sai ta raba su da wasali, shi ya sa "bread" ta zama burodi, "brake" birki, "plank" filanki. In ka rubuta lafazi da haruffan Hausa, wannan hali zai biyo ka, ka kuma rasa harafin da za ka sa wa muryoyin da ba mu da su. Ka ga ka ɗaure wa yaro kuskurensa da tawada. Ga malami dai, ba makawa ya koyi alamun lafazi da ke cikin ƙamus, irin waɗanda Daniel Jones ya yi aiki da su a ƙamusunsa na lafazin Turanci tun 1917. Ba su fi hamsin ba. Mu da za mu tsaya gaban yara shekara talatin, in mun ce mako biyu na koyonsu ya yi mana yawa, ba mu yi wa kanmu adalci ba.

Na uku su ne masu cewa jarrabawa ba ta tambayar baki. Wannan kam abin takaici ne, don akwai gaskiya a ciki. A jarrabawar gama sakandare akwai takarda guda ta lafazin Turanci, amma a ƙasar nan da fensir a ke amsa ta, yaro ya zaɓi kalmar da ta yi daidai da wata bai buɗe baki ba. Har a sami wanda ya ci ta da kyau, in ya yi magana ba a gane shi. Amma mu ba don takardar nan kaɗai a ke koya mana koyarwa ba. Dubi kuma yadda al'amari ke juyawa. Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta ce a fara koya wa yaro da harshen gida, a 2022 aka ce a kai shi har ƙarshen firamare, a Nuwamba 2025 kuma gwamnati ta soke wannan ta ce a koyar da Turanci tun daga farko. Muna da ra'ayinmu a kan haka, ba yau za mu faɗe shi ba. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, in da Turanci za a koya wa yaro lissafi da kiwon lafiya, to kowace kalmar da ya ji a karkace ta ja masa hasara biyu.

Dattawa su kan ba mu labarin Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949. Ta yi suna wajen fid da mutane masu tsabtar lafazi. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a can daga 1928 zuwa 1933, har a ƙasashen waje a ke yabon muryarsa. Ba za mu ruɗi kanmu ba: su kaɗan ne, malamansu masu harshen ne, dare da rana suna tare. Wannan ba za ta samu a ajin ƙauye ba. Abin da za mu ɗauka a wurinsu guda ne, sun ɗauki magana da baki a matsayin darasi na kullum, ba abin da a ke taɓawa in lokaci ya ragu ba.

Game da yawan kalmomi, mu ma sai mu rage haɗama. Michael West, wanda ya koyar a ƙasar Bengal, ya fitar da ƙamus a 1935 da abokin aikinsa Endicott, suka bayyana dukan abin da ke ciki da kalmomi 1,490 kacal. A. S. Hornby ya yi nasa a Japan a 1942, Oxford ta sake buga shi a 1948, ya cika shi da jimloli masu nuna yadda kowace kalma ke zama da maƙwabtanta. Jikokinsa ne ke cikin ɗakin karatunmu yau. Mutanen nan biyu a cikin ajin baƙi irin namu suka gane cewa kalmomi dubu biyu da aka sani ciki da bai sun fi dubu goma da aka haddace. Kalma uku a rana, da jimlolinsu da lafazinsu, a komo musu gobe da jibi, sun ishe ɗan firamare.

Abin da mu ke roƙon hukumar kwaleji kaɗan ne. A ware mana rubu'in sa'a kowace safiya na saurare da faɗa, biyu biyu, ɗaya ya faɗi kalma ɗaya ya nuna wadda ya ji, domin mu kanmu ba mu tsira daga abin da muka lissafa ba. Wanda ya rubuta sakin layin "th" na sama, da ya zo karanta mana shi sai da ya yi tuntuɓe. Wayar hannu da ke aljihun kowannenmu tana da ƙamus mai faɗin kalma da murya, a yi aiki da ita kafin a shiga aji, amma a lura ta kan kawo lafazi biyu, na Ingila da na Amurka, a zaɓi guda a tsaya a kansa don kada a rikita yara. A kuma hana yi wa yaro dariya in ya yi kuskure, gama mun ga wanda aka yi wa sau ɗaya ya rufe bakinsa har muka bar garin.

Mun sayi littafi babba mun ajiye a ɗakin karatu wajen mai kula da littattafai. Mun cika shafi shida da kalmomin da muka ji suna rikita yaran Birnin Kebbi da Argungu, kowace da abokiyar rikicinta da jimlar da muka gwada ta yi aiki. Waɗanda za a aika Yawuri da Zuru da Kamba zango mai zuwa su ɗauke shi su tafi da shi, su rubuta mana abin da suka ji a bakin yaran can, su kuma sa sunan harshen da kowane yaro ke yi a gida.